Harshe Tara a Garin da Aka Hana Kuka

Yayana harsuna tara yake ji. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma tunda ba a taɓa samun baƙon da zai gwada shi da ko ɗaya daga ciki ba, maganar ta zauna daram. Da farko biyar ne. Duk sanda wani ya yi masa gardama sai ya ƙara ɗaya, har unguwa ta gaji ta laƙaba masa suna Harshe Tara, don dai kada ya kai goma. Ni ƙanwarsa ce, nonon da ya saki na kama, na san shi kamar yunwar cikina. Harshen da muka tashi da shi ma, in ya yi sauri, tuntuɓe yake yi a ciki.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ne mai fassara a gidan kallon unguwarmu. Dogon zaure ne mai bencina, da farin allo a bango, da baƙaƙen labule a tagogi don a tare rana. Fina-finan da ake sawa na ƙasashe ne masu nisa, ba mai jin abin da suke faɗa. Baba yakan hau wata doguwar kujera a gefen allo, makirufo a hannu, yana juya mana maganarsu. Lasifika ɗaya tana ciki, ɗaya an rataye ta a saman ƙofa ta waje don ta jawo masu wucewa. Tun da ya rasu kujerar take wofi, ana sa fim tsirara, mutane na ta raguwa.

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, ko ɗigon hawaye Yaya bai zubar ba. Bai kuma bar abin a nan ba, sai da ya bi masu ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya yana sanar da su.

"Ni zuciyata ƙarfe ce. Namiji ba ya kuka."

Mama ta dube shi ta kau da kai.

Da kwanaki suka tafi, ya je ya sami mai gidan kallo, wani gajeren mutum mai tumbi da saurin fushi, ya ce ya zo karɓar kujerar ubansa.

Maigidan ya ce, "Kujerar marigayi ba gado ba ce. Ranar Asabar zan gwada ka. In mutane suka zauna har ƙarshen fim, makirufo naka ne. In suka watse, akwai wani daga wata unguwa da ke ta yi mini sintiri, shi zan ba."

Yaya ya ce, "Baƙo a kujerar Baba? Ina raye? Maigida, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ni na san sirrin fassararsa, don a falonmu yake gwaji. Fuska yake karantawa. In mace ta fashe da kuka a allo, sai ya ce, "Wayyo, an kashe uwata!" In namiji ya ƙanƙance ido, "Wallahi sai na rama." In biyu suka yi wa juna murmushi, ya ɗaura musu aure nan take. Kuma gaskiya sau da yawa yakan dace, don fuskar ɗan fim ba ta iya ɓoye komai.

To, sai ga mai sayar da fina-finai ya zo da wani sabo. Abu ɗaya ya sani game da shi, shi ya faɗa wa Yaya: wai labarin wani gari ne na zamani mai zuwa, inda aka hana mutane jin komai a zuciya. Ba kuka, ba dariya, ba fushi, ba ƙauna. Yaya ya buga ƙirji ya ce wannan fim ɗin masu zurfin tunani ne, da shi zai buɗe.

Na ce, "Yaya, ka dai kalle shi tukuna. Baba ma sai ya kulle kansa ya kalli fim ya sake kalla kafin ya hau kujera."

Ya ce, "Baba harsuna bakwai gare shi, dole ya yi bita. Ni tara."

"Amma in an hana su dariya da kuka, fuskarsu fa?"

"Ke ƙanwata, bar wa manya maganar manya."

Na bar masa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da fim ɗin kaɗai ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ƙirƙiro dabara. Wai 'yan kallo ma za su shiga cikin fim: dokar garin za ta hau kan zaure. Duk wanda ya yi dariya, ko kuka, ko fushi, ko wani abu ya motsa a fuskarsa, waje. Ya ɗaure jar leda a bakin tocila, ya damƙa wa mai tsaron ƙofa, wanda kowa ke kira Ƙato. Ƙato yana cika ƙofa tsaf in ya tsaya, zuciyarsa kuwa ta jariri ce, kuma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

Yaya ya ce masa, "Ka haska mutum da ja, ka ɗauke shi. Doka ba ta san babba ba. Har Maigida. Har ni."

Ƙato ya maimaita, "Har Maigida. Har kai."

Maigidan ya ce, "Tsaya, tsaya. Ni cewa na yi a zauna, kai kana shirin fitarwa?"

"Ba wanda zai fita, Maigida. Tsoron kunya zai manne su da benci. Ka zuba ido ka sha kallo."

Abin da bai faɗa ba, ni na gane shi. So yake ya toshe bakin masu yi masa dariya tun kafin su buɗe.

Ranar Asabar da la'asar zaure ya cika maƙil, har da masu tsayuwa. Rabinsu fim suka zo gani, rabi Harshe Tara. A bencin gaba akwai Tela, dattijon da bai iya ganin zare a waje ya ƙyale ba, a riga ne ko a labari, kuma ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Kusa da shi Direba, mai dariya kamar an tayar da tsohuwar mota. Bayansu Mai Kitso, wadda ko tallar sabulu aka sa sai ta share hawaye. Can a ƙurya ta baya, a wurin da ta saba zama lokacin Baba, ga Mama. Tun rasuwar ba ta taka gidan ba sai ranar. Na je na zauna kusa da ita.

Yaya ya hau kujera, ya hura makirufo, ya karanta doka cikin murya mai kauri. Ƙato ya kunna jar tocila ya kashe don a gani. Aka ja labule.

Fim ya fara. Gari ne toka-toka, gine-gine toka, tufafi toka. Kowa da munduwar ƙarfe a wuyan hannu, da 'yar fitila koriya a jiki. Fuskokinsu kuwa, bango ya fi su motsi. Aka nuno wani saurayi a shagonsa yana gyaran irin waɗannan munduwa. Wani tsoho ya shigo, ya miƙa masa hannu. Saurayin ya yi magana.

Yaya ya ƙura wa fuskar ido. Ba komai a kanta. Ya matsa gaba ya sake dubawa. Na hango gumi ya keto masa.

Ya ce, "Yana cewa... sannu."

Tsohon ya buɗe baki ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, ya nuna munduwa, ya nuna ƙirjinsa, ya ƙara zubawa.

Yaya ya ce, "Shi ma ya ce yauwa, sannu."

Tela ya ɗaga hannu. "Duk wannan doguwar maganar sannu ce?"

"Mutanen ƙasar akwai ladabi, Baba Tela."

"To tsohon nan wane ne?"

"Maƙiyinsa ne. Ba ka ga irin kallon da yake masa ba?"

"Na gani. Irinsa ya yi wa ƙofa da zai shigo."

Direba ya yi iya ƙoƙarinsa, na shaida. Kumatunsa suka kumbura, kafaɗunsa suka hau rawa, sannan abin ya ƙwace masa. Jan haske ya sauka a fuskarsa. Kafin ka ce me, Ƙato ya saɓe shi a kafaɗa ya yi waje da shi. Ba a jima ba labulen taga ya ɗaga, ga kan Direba ya leƙo.

Ya ce, "Ku ci gaba, daga nan ma ina gani."

A allo kuwa saurayin ya tashi daga aiki ya koma gida. Wa zai tarar a ɗakin? Tsohon nan. Suka zauna a tebur guda, faranti biyu, suna cin wani abu mai launin siminti.

Tela ya ce, "Maƙiyinsa ne suke kwana gida ɗaya?"

"Na ce maƙiyi ne, ban ce ba mai gidan haya ba ne. Ana haɗa biyun."

Nan kam mutane da yawa suka gyaɗa kai, don magana ce ta gaskiya. Yaya ya ji daɗi, ya gyara zama. Sai tsohon ya miƙa hannu ya gyara wa saurayin wuyan riga.

"Mai gidan haya ne ke gyara wa ɗan haya wuyan riga?"

"Aljihu yake lalube, Baba Tela. Ka bar ni in yi aikina."

Aka koma kan titi. Wani ƙaramin yaro ya yi tuntuɓe ya faɗi, wata mata da ke wucewa ta waiwaya, fitilar hannunta ta koma ja. Nan take wasu maza masu fararen kaya suka fito daga mota, suka kama ta, suka tafi da ita. Ba wanda ya ko juya.

Mai Kitso ta ɗora hannu a ka. "Wayyo 'yar mutane! Don ta ji tausayin yaro?"

Jan haske. Ita Ƙato bai saɓe ta ba, ya dai tsaya a kanta yana ba ta haƙuri har ta miƙe. Ta fita tana sharɓe, ta kama taga ta biyu.

Daga nan tambayoyi suka ɓalle ta ciki da ta waje, sai ka ce an fasa gidan rina.

Direba ya yi kira daga taga, "Harshe Tara! In ba sa jin komai, me ya sa suke sauri in sun hango masu fararen kaya? Tsoro ba ji ba ne?"

"Ba tsoro ba ne. Motsa jiki ne, likitocinsu suka wajabta."

Rabin benci ya tafi a wannan amsar. Ƙato ya riƙa kwasar su biyu-biyu, ɗaya a kowace hammata.

Wata daga tsakiya ta ce, "In an hana ƙauna, yaran nan daga ina suke fitowa?"

"Hukuma ke rabawa."

"A layi?"

"A layi. Da katin shaida."

Wani benci ya tafi.

Tela ya ce, "Ni abin da ban gane ba, me zai hana mutum ya sa riga mai dogon hannu ya rufe fitilar, ya yi kukansa a nutse?"

Yaya ya ce, "Ba teloli a garin. Su aka fara kwashewa, saboda yawan tambaya."

Wannan karon sai da Ƙato ya yi sawu uku. Tela kuwa ko gezau, fuskarsa ta fi ta 'yan fim ɗin daskarewa.

Ya ce, "To wa ke canja musu batir?"

"Wane batir?"

"Na fitilar. Dare da rana tana kunne. In batir ya mutu, an kama ka ko an sake ka?"

"Za a zo wurin. Fim ɗin zai yi bayani."

Fim bai yi bayani ba. Yaya ya ga in ya tsaya jiran fuska zai kwana a nan, sai ya koma duba irin na bokaye. Saurayin ya sa hannu a aljihun tebur, Yaya ya daka tsawa a makirufo.

"Jama'a ku riƙe numfashi! Bindiga zai zaro!"

Saurayin ya zaro cokali.

"Bindigar ƙasarsu ke nan. A naɗe take."

Saurayin ya juya shayi da ita.

"Ga faɗa nan tafe, yanzu jini zai kwarara!"

Aka daɗe ana nuna mana saurayin yana wanke faranti biyu, ya goge, ya kife. Masu tagogi suka yi ta faɗuwa kan juna. Su doka ta riga ta gama da su, dariyarsu suke yi son rai, ita kuma tana shigowa ta kama na ciki kamar mura. Ni dai na cusa bakin mayafina a baki na cije, don na rantse sai na ga ƙarshen abin. Mama tana zaune hannu a cinya, ba ka iya karanta komai a fuskarta.

Maigidan ya leƙo daga ɗan ɗakin injin, ya ga bencina fayau, ya fito da gudu.

"Kai! Harshe Tara ko Harshe Banza! Ka kashe mini gida! Ina mutanena? Na ce ina mutanena?"

Jan haske ya sauka a kan tumbinsa, ya hau zuwa fuska.

Ya ce, "Ƙato, ni ne fa. Ni nake ba ka aiki."

Ƙato ya ce, "Yi haƙuri, Maigida. Fushi ne. Doka ce."

Aka fita da shi ƙafafunsa na tuƙa keke a iska. Ya sami taga ta uku, mutane suka matsa masa saboda girmansa.

Ya rage saura Tela, da ni, da Mama. Tela ya gyara tabarau.

"Ka ce maƙiyi ne. Ka ce mai gidan haya ne. Ɗazu da suka tsaya a bakin taga ka ce ɗan leƙen asiri ne. Wanne zan riƙe?"

"Duka ukun. Shi ne zurfin fim ɗin."

Girar Tela ta hagu ta ɗan ɗaga, ba ta kai kaurin zare ba.

Yaya ya miƙe tsaye a kan kujera yana nuni. "Ya ɗaga gira! Mamaki ne! Ƙato, mamaki ne!"

Tela ya ce kada a taɓa masa riga, ya fita da ƙafarsa, ya je ya ture Direba daga taga ta farko. Yaya ya share gumi ya yi murmushin nasara, ya tuna doka, ya haɗiye shi da sauri.

To, a cikin wannan hayaniyar fim ɗin bai tsaya jiran kowa ba. Kuma akwai abin da duk muka fara lura da shi, ba tare da fassara ba. Munduwar tsohon ba ta lalace ba. Duk sanda ya ɗaga ido ya dubi saurayin, fitilar sai ta yi ja-ja, saurayin ya yi wuf ya rufe ta da tafin hannu, ya ɗauko sukudireba ya yi kamar yana gyara. Dariyar tagogi ta fara lafawa.

Sai ga masu fararen kaya sun shigo ana tsakiyar cin abinci. Suka ɗaga hannun tsohon, fitilar ja zur. Suka tashe shi. Saurayin ya miƙe, fitilarsa koriya shar, fuskarsa ba komai, har shi ya riƙe musu ƙofa. Maƙwabta suka gyaɗa masa kai, alamar ya yi daidai. Washegari ya je aiki. Da ya dawo ya ɗauko faranti biyu ya ajiye, sannan ya tsaya yana kallon na biyun. Ga kujerar tsohon, ga rigarsa rataye a jikinta. Ya zauna a gabanta. Bai ce komai ba.

Ba magana, ba abin fassarawa. Shiru kawai ake bukata daga Yaya, shi kuwa bai taɓa mallakar wannan ba. Ya kai makirufo baki. Sai na ga ba allo yake kallo ba. Hannun kujerar da yake kai yake kallo, inda tafin Baba ya cinye fenti har itace ya fito, da wayar makirufo, inda Baba ya naɗe ta da baƙin salatif wuri-wuri.

Ya ce, "Yana cewa..."

Ya tsaya. A allo fitilar saurayin ta fara rikiɗa.

"Yana cewa, Baba..." Muryarsa ta tsage. "Baba, ka tashi ka karɓi kujerarka. Ni ban iya ba. Wallahi ban iya ba."

Sai kuka. Ba irin na manya ba, mai ɗan hawaye da gyaran murya. Kuka ne mai majina da shessheƙa, baki buɗe, irin wanda rabona da jinsa tun muna yara. Lasifikar ciki ta ɗauka, ta waje ta ɗauka ta watsa wa titi, har mai gyaran takalmi na tsallake ya ajiye guduma. Ni da na cije mayafi don dariya, da shi na share fuskata. Tausayin yayana ya kama ni har cikin ƙashi.

Jan haske ya sauka a kansa. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskar Ƙato.

Ya ce, "Kai ka ce har kai."

Ya rungumo shi daga kan kujera ya yi waje da shi, doguwar wayar makirufo na bin su a ƙasa. Ya dire shi a dakalin ƙofa. Sannan ya juya tocilar ya haska fuskar kansa, ya nemi wuri a waje ya zauna.

Yadda fim ɗin ya ƙare kada ku tambaye ni, don Mama ta riga ta miƙe, na bi ta.

A waje titi ya cika, mutanen sun fi ƙarfin abin da zauren zai ɗauka. Kowa ido ja, wasu na dariya suna jan hanci. Yaya na zaune a dakali, makirufo a cinya, yana murza ido.

Ya ce, "Hasken tocilar nan ne. Jan haske yana da illa ga ido, an tabbatar."

Mama ta zauna kusa da shi. Ta ce, "Tun ranar da aka fita da ubanka nake jiran kukan nan. Na zaci a ɗakina za ka kawo mini shi, ashe sai unguwa ta taya ni ji."

Ya sunkuyar da kai. Ya matso kusa da kunnenta, ya rage murya.

"Mama, ni fa ba na jin yaren nan. Ko ɗaya cikin taran ba na ji."

Maganar ta fito ta lasifikar saman ƙofa tangaran, har da amo. Ba wanda ya tuna ya kashe makirufo.

Mama kuwa ko ta lura ko ba ta lura ba, Allah masani. Ta ce, "Ubanka ma bai ji ko ɗaya cikin bakwai ɗinsa ba. Fuska yake karantawa, kamar kai. A wurin wa kake zaton ka gado?"

Yaya ya zaro ido. "Baba? To in fuska ta ƙi magana fa, yaya yake yi?"

"Shiru yake yi. Mutane su ce wurin ya yi zurfi. Ka gwada wata rana, ba ya kisa."

Sai a lokacin ya ji muryarta na dawowa daga sama. Ya ɗaga kai ya dubi lasifika, ya dubi makirufo, ya dubi jama'a. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Direba ya tayar da motar dariyarsa. Tela ya ɗaga masa hannu, Direba ya kashe ta.

Tela ya ce, "Mun sani, ɗana. Na ubanka ma mun sani. Shekara da shekaru duk matar da ta yi kuka a allon nan uwarta aka kashe, kana zaton ba mu lura ba? Ba yare muke zuwa ji ba."

Maigidan ya kutso yana gyara rigar da Ƙato ya yamutsa. Ya miƙa hannu.

"Sharaɗi sharaɗi ne. Na ce a zauna har ƙarshe, ga bencina can ba kowa. Kawo makirufo."

Yaya ya riƙe shi da hannu biyu, a daidai inda salatif ɗin Baba yake.

Mai Kitso ta ce, "Haba Maigida, ba a zauna ba, amma duba ka gani, wa ya tafi gida?"

Maigidan ya waiwaya ya dubi titi. Bai janye hannun ba, bai kuma ƙara miƙa shi ba.

Tela ya ce, "Kafin a raba gardama, ni har yanzu ba a ba ni amsata ba. Wa ke canja batir?"

Yaya ya buɗe baki. Na ga ƙaryar ta taso masa tun daga ciki, ƙatuwa, mai rassa, ta iso maƙogwaro. Ya dubi Mama. Ya rufe bakin.

Shiru ya fita ta lasifika. Ba ka jin komai sai ɗan gurnanin waya. Aka jira, bai ce komai ba. Aka ƙara jira. Tela ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa babbar magana.

Mai Kitso ta dafe ƙirji, hawaye suka sake ɓalle mata. "Wayyo Allah, shirun marigayi sak!"

Maigidan ya mayar da hannunsa aljihu.

Ya ce, "Asabar ka zo. Ka kalli fim ɗin tukuna, ka sake kalla. Kai kuma Ƙato, ba ni tocilar nan kafin in yi abin da za a sake ɗauka ta."

Muka kama hanyar gida, Mama a gaba, mu a baya. Yaya ya yi tafiya mai ɗan nisa bai ce komai ba, har na fara tsoron ko an canja mini shi. Da muka sha kwana ya taɓo ni da gwiwar hannu, ido a kumbure, hanci na yoyo.

"Ƙanwata, kin ji shirun nan da na yi?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Harshe na goma ke nan."